Shanya a Ranar Tsere

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi suka shiga, ta ƙofar kicin. Lahadi ce. Léonie na feraye dankali. Mijinta, Anselme Quinet, na zaune bakin taga da hularsa a gwiwa, yana kallon sama.

Su uku ne. Na gaba ya rufe fuska da safar mata, da ƙaramar bindiga a hannu. Na biyu ma safar ce, amma shi kansa a ƙasa yake. Na ukun sai da ya sunkuya kafin ya shige ƙofar. Ƙato ne. Rigar fata ta masu walda har gwiwa, jan labule ɗaure a wuya, fuska cikin hular walda da aka shafe da baƙin fenti. A hannunsa guduma, irin ta fasa kankare.

"Kowa ya zauna inda yake," in ji mai bindigar.

"Ai a zaune muke," in ji Anselme.

"Baba, ban da surutu. Tsuntsunka Toka muke so. Yana sauka ka kama shi, ka miƙo, mu ware. Minti biyar. Ba wanda za a taɓa."

Anselme ya dube shi. Ya dubi agogon bango. Sai ya fara dariya, irin ta tsofaffin da ƙurar ma'adinai ta cinye wa huhu, wadda rabinta tari ne.

"Ba ku ji rediyo ba ke nan. Hazo ya rufe Bourges, can Faransa. Sai takwas da rabi aka saki tattabarun tseren. In Toka ya iso kafin ƙarfe biyu, ni ba Quinet ba ne."

Mai bindigar ya juya ya kalli na biyun. Na biyun ya kalli takalminsa.

Léonie ta ajiye wuƙa. Tun shigowarsu ƙaton take kallo.

"Régis? Régis ɗan Ginette?"

"Babu Régis a nan," muryar ta fito daga cikin hular kamar daga cikin bokiti. "Guduma ne. Kar ki ji tsoro, Inna. Kin kusa samun 'yanci."

"To cire abin nan daga fuskarka, za ka yi tuntuɓe da kujera."

Ya taka gaba. Ya yi tuntuɓe da kujera.

Ni Odilon nake. Bayan gidana da bayan gidan Anselme shingen waya ne kawai ya raba su, a Marchienne. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani Léonie ta gaya mini, sauran kuma a kotu na ji shi, domin kwana tara na yi ina zuwa da burodina a aljihu.

Régis Lambotte na san shi tun kafin ya yi gemu. Shekara talatin ina shimfiɗa tsofaffin littattafan zane a kasuwar Lahadi, irin masu jarumai da ke rufe fuska suna dukan miyagu. Mutane suna saya su karanta su yar. Shi yakan saya ya haddace. Ya girma ya shiga masana'antar ƙarfe, ya yi walda shekara goma sha tara. Ranar da aka rufe masana'antar, kowa ya fito da takardar sallama, shi ya fito da hularsa. Uwarsa ta rasu a shekarar. Labulen ɗakinta ne ya ɗaura a wuya.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da hular nan, gilashinta. An yi shi ne don kallon wutar walda. In ba rana ce ta take ba, ba ka ganin komai a ciki sai inuwoyi. Saboda haka Guduma da tsakar rana yake sintiri. Ranar hadari hutu yake yi. Ya taɓa karya wa wani hannu a bakin kanti saboda ya gan shi yana fama da ƙofar mota. Motar mutumin ce, makullin ne ya maƙale. Wata shida aka ba shi, ya fito yana cewa ai duk jarumi sai an fara ƙin fahimtarsa.

Mun yi dariya a lokacin. Har ni.

Ranar Alhamis da ta gabata aka ƙulla harkar, da la'asar, a bayan wani shagon soyayyen dankali. Fulvio Bertagna ne oga, shi ne mai bindigar. Marylise ce direba, mace mai taunar cingam kullum, ba ta cika magana ba. Sai Norbert, wanda kowa ke kira Nono, tsohon mai kiwon tattabaru da aka kora daga ƙungiya saboda ya taɓa agogon tsere.

"Wani ɗan Holand ne ke so," in ji Fulvio. "Tsuntsu ɗaya. Ya ce jininsa yake nema."

"Ba ka san Anselme ba," in ji Nono. "A ɗakin tattabarun yake kwana. Ga kare, ga ƙararrawa, ga kwaɗo uku."

"To yaushe ake buɗewa?"

Nono ya juya dankali cikin miyar ƙwai. "Ranar tsere. Ana ɗaure kare. Ana kashe ƙararrawa. Duk layin kowa idonsa a sama, ko gidansa na cin wuta ba zai waiwaya ba."

"Ka gani? Kai aikinka biyu. Ka saurari rediyo ƙarfe bakwai ka gaya mana lokacin da aka sake su. Sannan ka tabbatar tsohon bai ba mu wani tsuntsun ba. Kuma kar ka buɗe baki a gidan, ya san muryarka."

Marylise ta nuna da haɓa. A can ƙarshen shagon Régis na tsaye da kayansa, ya ɗaga hular zuwa goshi yana cin dankali.

"Wancan mahaukacin fa? Me za mu yi da shi?"

"Wa zai tuna fuskarmu in akwai wannan a ɗakin?" in ji Fulvio. "In ta ɓaci, shi za a samu."

Ya yafito shi. Ya sa ya zauna. Ya rage murya.

"Guduma, na san ba ka aiki da kowa. Amma wannan ta fi ƙarfinmu. Ka san tsoho Quinet? Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake kai tattabarunsa Faransa kowane mako?"

"Tsere ne."

"Haka suke so ka ɗauka. Tsuntsu ba ya tsayawa a kan iyaka, mutumina. Ba a caje shi. Ka ga zoben nan na ƙafarsu? Ƙwaya ce a ciki. Ita ke kashe yaran Charleroi. Matarsa ta sani, shi ya sa ba ya barinta fita."

Régis ya ajiye dankalin. Nono ya gaya wa kotu cewa idanunsa sun cika da ƙwalla.

"Shekara shida ina jira," in ji shi. "Na san akwai wani babba a bayan komai."

Safiyar Lahadi Nono bai saurari rediyo ba. Giyar Asabar ce ta kwantar da shi har tara. Da Fulvio ya tambaye shi a mota, sai ya ce komai daidai.

Haka suka samu kansu zaune a kicin ɗin mutane suna jiran tsuntsu.

Fulvio ya tsinke wayar tarho. Ya leƙa titi. Marylise na cikin farar motar kaya a kwanar layin, injin a kashe. Ya dawo ya zauna. Ya tashi. Ya sake zama.

"Za ku sha gahawa?" in ji Léonie.

"Inna, fashi muke yi."

"Na gani. Da madara?"

Fulvio ya sha, amma sai da ya naɗe safar zuwa hanci. Nono ya girgiza kai. Régis ya ƙi, ya ce jarumi ba ya cin abincin gidan maƙiyi. Ya tsaya a bayan kujerar Anselme, gudumar a kafaɗa.

"Yara nawa?" in ji shi.

"Me?"

"Yara nawa ka kashe?"

Anselme ya waiwaya. "Ɗan nan, yau ka ci abinci kuwa?"

"Kana barci lafiya da dare?"

"Ina zan yi barci, ga tari. Kai dai matsa, kana tare mini taga."

"Zan iya fasa kanka yanzu, duniya ta huta."

"Guduma," in ji Fulvio. "Sai tsuntsu ya sauka. Mun yi magana. Hujja tukuna."

Wannan ita ce gaskiyar da ke riƙe da ran Anselme, kuma Léonie ta gane ta kafin kowa. Toka ba ya shiga ɗaki sai ya ji fiton maigidansa da ƙarar gwangwanin masara a hannunsa. Muddin tsuntsun na sama, suna bukatar tsohon. In ya sauka, ba ta san me zai hana gudumar nan sauka ba. Ta dubi mai bindigar, ta ga shi kansa bai sani ba.

Sha biyu ta wuce. Ƙararrawar coci ta buga. Wani ya wuce a titi da keke, ya kalli gidan, ya wuce.

"Gidan nan ya yi shiru da yawa," in ji Fulvio. "Maƙwabta za su ce wani abu. Inna, me kike yi da irin wannan lokacin?"

"Aikin gida."

"Wane iri?"

Ta kalli kwandon da ke gefen injin wanki.

"Ina da wankin da ban shanya ba."

"Yawwa. Fita ki shanya. A hankali, kamar kullum. In kin yi magana da wani, kin san wanda ke zaune a nan."

Anselme ya buɗe baki. Ta kalle shi. Shekara arba'in da bakwai suna tare, ya san kallon. Ya rufe bakin, amma fuskarsa ta yi ja har kunne.

Nono ya ɗaga kai karo na farko. Ya kalli kwandon. Ya kalli Fulvio. Ya mayar da kansa ƙasa.

A kotu lauyansa ya ce da gangan ya yi shiru, don ya ga abin zai kai ga jini, yana so a kama su. Fulvio ya ce ƙarya ne, tsoro ne kawai da ragowar giya. Ni har yau ban yanke ba.

Ina zaune a bayan gidana a kan akwatin lemo, ina kallon wani gajimare mai kama da tsohuwar murhu. Ba ni da tattabaru, amma ina son ganin dawowarsu. Namijin tattabara ba don kofi yake gudu ba. Kafin a tafi da shi ana nuna masa matarsa ta ɗan lokaci, sannan a raba su. Duk kilomita ɗari huɗun nan, wajenta yake komawa. Wannan abu ya daɗe yana tsaya mini a rai.

A duk bayan gidajen layin maza ne zaune da rigar aiki, kowa da gwangwaninsa. Ba rediyo. Ba kare. Yara duk an kora su cikin gida.

Sai ƙofar Quinet ta buɗe. Léonie ta fito da kwando. Ta ciro farin zanin gado, ta karkaɗe shi, fat, ta rataya a igiya. Ta ciro na biyu.

Désiré, maƙwabcina na ɗaya gefen, ya miƙe tsaye a hankali.

"Odilon. Kana ganin abin da nake gani?"

"Ina gani."

"Shanya. Yau. A gidan Anselme."

A layinmu an taɓa daina gaisawa shekara goma sha biyu saboda tawul ɗaya da aka shanya ranar tsere. Tsuntsun da ya gaji in ya ga farin abu na kaɗawa, ba zai sauka ba. Zai yi ta zagaye, minti na tafiya, kofi na tafiya. Anselme ne ma ya fi kowa zafi a kan wannan. Ga matarsa ta jera zannuwa shida, daidai gaban ɗakin tattabaru.

"Léonie," Désiré ya kira ƙasa-ƙasa. "Lafiya?"

Ba ta juyo ba. Ta maƙala maƙalin ƙarshe, ta ɗauki kwando, ta koma ciki.

"Ko dai Anselme ya mutu," in ji Désiré, "ko kuwa akwai wanda ya fi shi iko a gidan."

Ni na shiga na buga waya.

Ɗan sandan da ya ɗauka yaro ne sabon zuwa daga Brussels.

"Baba, ban gane ba. Mata ta shanya wanki?"

"Zanin gado. Shida."

"An sace su ne?"

"A'a. Suna nan a igiya."

"To me kake so mu yi?"

"Ku zo."

Ya ajiye. Na sake bugawa. Ya ce in na ƙara, shi zai zo ya ɗauke ni. Na ƙara. A karo na uku na ji wata murya daga nesa tana tambaya me ke faruwa, na ji yana ba da labari yana dariya. Dariyar ta tsaya. Mace ta karɓi wayar.

"Sufeto Hanotiau ce. Wane gida ka ce?"

"Quinet."

"Mai Toka?"

"Shi."

"Yau ba Bourges ba ne?"

"Bourges ne."

Daga baya na ji cewa ubanta ya yi kiwon tattabaru a Jumet har ya mutu.

"Kar kowa ya matsa kusa da gidan. Za mu zo ba jiniya."

Amma sai da ta nemi mutane. Lahadi ce, rabinsu suna wajen ƙwallo. Ƙarfe biyu saura kwata kafin motoci biyu suka taso.

A kicin gahawa ta ƙare. Zafi ya cika ɗakin. Gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hular Régis zuwa kan labulen. Ya daina tsayuwa wuri ɗaya. Yana kai da komo, yana magana shi kaɗai, irin maganar da ake rubutawa a saman zane.

"Birnin ya yi shiru. Birnin yana jira. Mutum ɗaya ne ya rage."

"Dalla rufe mana baki," in ji Fulvio.

"Ginette ta san kana yawo da labulenta?" in ji Léonie.

"Ta rasu, Inna."

"Na sani. Ni na yi mata wanka. Zauna, Régis. Ƙafarka za ta yi ciwo."

Ya tsaya. Léonie ta ce ta ɗauka zai zauna, har ya kai hannu ga kujera. Sai ya ce, "Haka yake sa ki yi magana. Na gane. Ba laifinki ba ne."

Anselme bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan taga, a kan zannuwan. Leɓensa na motsi.

Biyu da minti huɗu ya miƙe.

"Ga shi."

Ɗigo ɗaya a sama, daga kudu. Shi kaɗai. Ba wani tsuntsu gabansa, ba wani bayansa. A duk layin ba gwangwanin da ya yi ƙara, wato babu wanda nasa ya iso.

"Shi ne na farko," in ji Anselme. "Na farko a duk yankin."

Toka ya nannaɗe fikafikai ya faɗo kamar dutse. Ya ga fari. Ya buɗe, ya tashi, ya zagaya. Ya sake zagayawa. Ya sauka a kan bututun hayaƙin Désiré.

"Me ya sa bai shiga ba?" in ji Fulvio. "Kira shi!"

"Zannuwan nan ne, jaki."

Fulvio ya juya ga Léonie. Ya juya ga Nono. Yanzu ya gane.

"Kai ka sani —"

Ƙahon mota. Sau biyu, gajeru. Alamar Marylise ce. Ta hango motar farko ta shigo layin a hankali, mutum huɗu a ciki, duk da jaket a wannan zafin. Ba ta jira na uku ba. Ta tayar, ta yi baya, ta daki kwandon shara, ta fece.

Fulvio ya leƙa ta labule. Ya ga inda motar take a da. Babu komai.

"Shegiya."

Ya kama kafaɗar Régis.

"Guduma, yaransa sun iso. Ka tare su, ni zan nemo taimako. Kai ne kaɗai za ka iya."

Ya fita ta tagar banɗaki — katanga, lungu, hanyar jirgi. Nono bai gudu ba. Ya cire safar, ya zauna a kujerar Anselme, ya ɗora hannuwa biyu a kan tebur.

Anselme bai ko kalle shi ba. Ya riga ya fita.

Wannan na gani da idona, daga shinge.

Bindiga ta bar gidan. 'Yan sanda na ƙofar gaba. Da ya zauna minti ɗaya, da shi ke nan. Amma Toka na kan bututu, agogon tsere na tafiya, kuma shekara hamsin yana jiran Bourges. Ya fito da gwangwani a hannun hagu, yana fito, fiton na tsinkewa da tari. Da hannun dama ya fizge zani na farko ya yar. Ya fizge na biyu.

Léonie ta biyo shi. Ita ba ta san Fulvio ya gudu ba. Abin da ta sani, in tsuntsun ya sauka, mijinta ya gama amfani. Ta kama ɗaya bakin zani na uku.

"Bar shi, Anselme!"

"Saki, mace! Minti na tafiya!"

"Na ce ka bar shi!"

Yana ja, tana ja. Ya ɗaga gwangwanin sama yana kaɗawa don tsuntsun ya ji.

Régis ya fito. Daidai lokacin gajimare ya rufe rana. Abin da ya gani ta gilashin nan, ya faɗa wa alƙali da bakinsa: inuwa babba ta ɗaga makami a kan inuwa ƙarama, ƙaramar na kuka.

Na kira sunansa. Désiré ma ya kira. Bai san wannan sunan ba a ranar.

Taku huɗu. Gudumar ta tashi — ta sauka.

Sau ɗaya ne. Ƙarar ba ta da yawa. Masara ta watse a kan ciyawa.

Anselme ya durƙusa, ya kife a kan zanin. Léonie na riƙe da ɗaya bakin. Ba ta saki ba. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon yadda farin ke canja launi.

Régis ya juyo gare ta. Ya sa hannu a ƙirji.

"Ya ƙare, Inna. Ba zai sake taɓa ki ba."

Sufeto Hanotiau ta fito ta kicin da mutum biyu, bindigogi a gaba.

"Ajiye! Ajiye ta!"

Ya ajiye gudumar a hankali. Ya miƙa hannuwansa da kansa.

"Kun makara," in ji shi. "Amma ba komai. Ku duba zoben tsuntsun, hujjar na ciki."

Da suka cire masa hular, sai ya runtse ido saboda haske. Ya kalli ƙasa. Ya ga tsoho mai silifas, hula a gefe, gwangwanin masara. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka wani abu zai faɗo masa. Sai ya ce, "Dubi yadda ya iya ɓoye kama."

An kama Fulvio kafin magariba a tashar jirgin Châtelet, ƙafarsa a karye, don katangar ta fi yadda ya zata tsawo. Nono ne ya faɗi sunansa tun a kicin, ba a ma tambaye shi ba. Fulvio kuma ya faɗi na Marylise, har da gidan yayarta. Aka ba Fulvio shekara goma sha biyar, Nono takwas, Marylise shida. Régis likitoci uku suka duba shi, biyu suka ce kansa ba daidai ba, aka kai shi gidan da ba a rubuta ranar fita.

An yanke zoben a gabansa a kotu. Roba ce da lamba. Ya ce an musanya.

Toka ya sauka da kansa wajen ƙarfe biyar, yunwa ta sauko da shi. Ba wanda ya saka zobensa a agogon tsere don a rubuta lokacin isowarsa. Wani mutumin Gilly ne ya ci Bourges a shekarar, tsuntsunsa ya iso biyu da minti goma sha tara. An binne Anselme ranar Alhamis. Léonie ta raba tattabarun ga 'yan ƙungiya, ba ta karɓi komai ba.

Bayan shekara guda na je ganin Régis. Ban san dalili ba. Bas biyu na hau. Ya yi ƙiba, an aske masa kai. Ya yi murna da ganina, ya tambaye ni kasuwa, na ce na daina fita.

"Yara sun daina mutuwa ko?" in ji shi.

"Ban sani ba, Régis."

"Sun daina. Ba za a buga a jarida ba, haka abin yake." Ya matso. "Inna Léonie fa? Tana fita yanzu?"

"Tana zuwa kasuwa. Tana zuwa makabarta."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi.

"Ba ta rubuto ba. Na san kunya take ji. Ka gaya mata ba sai ta gode mini ba. Ka yi alkawari za ka faɗa."

Na ce to.

Da na dawo na same ta a kicin, a kujerarta. Ta san inda na je, Désiré ya gaya mata. Ta zuba mini gahawa. Ta zauna.

"Me ya ce?"

Tun a bas nake shirya ƙarya. Na shirya guda uku. Amma da ta kalle ni, sai na faɗa mata yadda ya faɗa, kalma da kalma.

Ta share wani ɗigon gahawa daga kan tebur da yatsa.

"Suna ba shi abinci sosai?"

"Ya yi ƙiba."

"To," in ji ta. Ta tashi ta juya mini baya, ta buɗe famfo. Babu komai a cikin kwanon wanke-wanken. Ta bar ruwan yana zuba, ni kuma na shanye gahawata.